Numfashi a Ɗakin Baba

Dakta, kamar yadda ake kiranta a gida, aikinta shi ne shafa wani sinadari mai suna zink oksaid a kan ɗan gilashi, shafi siriri wanda ko fatar albasa ta fi shi kauri. Idan iskar amoniya, mai warin fitsarin nan, ta taɓa shi, lantarkin da ke bi ta cikinsa yakan canja, sai wani koren layi ya ɗaga a allon kwamfuta. Masu ciwon ƙoda suna fitar da amoniya a numfashi, kuma mahaifinta yana cikinsu. Shi ya sa ta kawo gida na'urar da ake sa gilashin a ciki, yana hura mata.

"Wannan hancin naki ya fi maƙwabta sa ido," in ji Baba, yana dariya har da tari.

Bayan rasuwarsa, wata rana da hantsi, ta shiga kwashe kayan ɗakinsa ita da ƙanwarta Auta. Ta kunna na'urar don ta ga ko tana aiki kafin ta mayar da ita wurin aiki. Layin ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa.

"Katifar ce, Yaya," in ji Auta. "Ko ruwan goge-gogen nan."

Suka fitar da katifar da kwalaben, suka buɗe tagogi, suka wanke ƙasa. Dakta ta cire gilashin ta sa sabo fil daga leda. Da ta kai na'urar falo, layin ya kwanta lumui. Da ta dawo da ita kan gadon, daidai inda Baba yake sa kai, ya ci gaba da hawa da sauka. Warin da ya kama ɗaki ba ya yin haka. Hawa yake yi ya tsaya. Ga shi kuma can sai layin ya ɗan dakata, kamar mai numfashi da ƙyar. Ta san wannan dakatawar, ta sha zama a gefen Baba tana jiran ta wuce.

"Auta, matsa baya. Riƙe numfashinki."

Su biyu suka toshe hanci da baki. Layin bai fasa ba.

Auta ta sauke hannunta. "Baba? Kai ne?"

Layin ya miƙe ɗoɗar. Sai ya yi sama a hankali, ya daɗe a can, yadda yake yi idan mutum ya kawo bakinsa kusa ya hura da gangan.

Dakta ta fizge wayar na'urar daga bango.

Washegari abokin aikinta ya gwada na'urar, ya ce lafiyarta ƙalau, har ya yaba da gilashin. Ba ta gaya masa komai ba. Auta ta tattara kayanta ta koma gidan gwaggonsu. Dakta ta zauna ita kaɗai a gidan, ta bar ɗakin a rufe, amma ba ta iya sa masa makulli ba. Idan za ta wuce ƙofar, takan rage sauri ta gaishe da Baba.