Hujin da ke Cikin Tauraro

Shekara arba'in da ɗaya Malam Tursunali ya yi yana koyar da 'yan amshi a gidan opera na garinsu, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, can gabashin Uzbekistan, amma 'yan kallo ƙalilan ne suka san fuskarsa. Aikinsa a bayan fage yake. Idan wasa ya zo inda ake son a ji waƙa daga nesa, sai ya tara mutanensa su talatin a bayan babban tamfol ɗin da aka zana wa hoton daji ko gari, ya hau ɗan benci, ya riƙe 'yar tocila a hannun dama. Daga nan ba a hango jagoran makaɗa, wanda yake can cikin ramin makaɗa a gaban dandamali da 'yar sandarsa. Shi ya sa tun tuni ake yin ɗan huji a jikin tamfol, daidai ido ɗaya. Malam ya leƙa ya ga motsin sanda, ya saukar da tocila, mutanensa su ɗauki waƙa.

Duk wanda ya shigo sabo, abu ɗaya yake fara gaya masa: "Murya da ƙafa take tafiya. Kafin ta zagaye tamfol, ta ƙetare dandamali, ta kai kunnen mai kallo, lokaci ya ɗan wuce. Mu na baya kullum riga muke yi da ƙiris, don mu isa tare da kowa."

Bana abu biyu suka canja. Na farko, an yi sabuwar jagorar makaɗa, Sayyora, wadda ta shigo hannunsa tana 'yar shekara goma sha bakwai. Shi ya lura cewa idan ana waƙa hannunta ba ya zama wuri ɗaya, shi ya matsa wa mahaifinta har aka tura ta karatu babban birni. Yanzu ta dawo, wannan ne wasanta na farko, kuma saura mako guda a buɗe. Na biyu, an daina huji. An kafa kyamara a gaban jagora, an ajiye wa Malam 'yar talabijin a kan kujera, yana ganin Sayyora tun daga kai har ƙugu. Ba wanda ya kai Ergash mai fenti murna. Wata uku ya yi yana zana hamada da taurarinta a sabon tamfol.

"Shekara talatin kana huda mini aiki kamar ɓera a buhun shinkafa," in ji shi. "To, an kawo maka silima. Zauna ka yi kallo."

"Ai hujina ne kaɗai abin da ke da ma'ana a zanenka," in ji Malam.

Ranar Litinin aka zo bitar wurin da ayarin fatake ke tahowa daga nesa yana waƙa. Masu goge suka yi ƙasa da sauti, hannun Sayyora ya ɗaga a talabijin, Malam ya riga shi sauka da ƙiris kamar yadda ya saba. Ba su kai ƙarshen baiti ba sai aka ji ƙwas-ƙwas, sanda a jikin katako.

"Na baya, kun makara," in ji Sayyora. "A sake."

Aka sake, aka makara. Talata ma haka. Ranar Laraba ta tsayar da kiɗa sau huɗu, a na huɗun har da sunansa ta kira ta lasifika, a gaban makaɗa hamsin.

"Malam Tursunali, har yanzu a baya kuke. Ba zan iya wucewa haka ba."

Mastura, wadda ta fi kowa daɗewa cikin mata masu amshi, ta ja tsaki. "Ji yarinyar nan. Ni na ara mata takalmi ranar da ta fara hawa dandamali."

"Gaskiyarta ce," in ji Malam. "A sake."

Ya faɗi haka a natse. Ya tuna malaminsa, Malam Hamrokul, wanda ya zauna a kan wannan benci har kunnensa ya tafi, ba wanda ya iya buɗe baki ya gaya masa. Shekara biyu tsohon yana kaɗa tocila, 'yan amshi kuwa ba shi suke kallo ba. Yatsan Tursunali suke bi, yana tsaye a bayan tsohon yana ba su lokaci a ɓoye. A lokacin ya ɗauka tausayi yake yi. Sai ranar da tsohon ya waiwayo ya ga yatsan, ya kashe tocila, ya miƙa masa, sannan ya gane abin da suka yi masa. Tun daga ranar ya ɗaukar wa kansa alkawari: duk ranar da aka makara saboda shi, da ƙafarsa zai fita. Yanzu a bita har waiwaye yake yi, ko akwai wani yatsa a bayansa.

Da aka tashi cin abincin rana, shugaban gidan wasan ya aika a kira shi. Ya tarbe shi da fara'a, ya ɗauki buta, ya cika masa finjali da koren shayi har baki. Malam ya dubi finjalin. Kowa ya san baƙon da ake son ya daɗe, kaɗan-kaɗan ake zuba masa, don ya yi ta miƙowa ana ta hira. Shugaba ya tambayi lafiyar inabinsa, ya ce ai lambu na son mai shi kusa da shi. Ya kuma ambaci wani matashi a babban birni da aka ce yana da kunne sosai.

Malam ya koma ɗakinsa na bita, ya rufe ƙofa. Ya kwance agogon hannunsa ya kara a kunnen dama, ya ji bugunsa sarai. Ya kara a na hagu, sai da ya danna sosai sannan ya ji wani abu can ƙasa-ƙasa. Daga baya ya ɗauko takarda ya rubuta layi huɗu na ajiye aiki da kyakkyawan rubutunsa, ya ninke, ya sa a aljihun gaba. Ya yanke shawarar zai yi bitar Alhamis, don kada ya bar yara a tsakiyar hanya, sannan ya miƙa.

Ranar Alhamis da hantsi aka sauke sabon tamfol gaba ɗayansa, don a gwada fitilu a kansa. Ƙura ta tashi, ga warin fenti. Ana jiran masu fitila, kowa ya yi shiru, Malam na tsaye a kan benci ya zuba wa talabijin ido ba don yana kallon komai ba. Sai ya ji atishawa daga can cikin rami. Bayan ya ji ta ne matar da ke cikin talabijin ta sunkuyar da kai.

Ya ƙara matsowa. Sayyora tun tana yarinya ba ta yin atishawa ɗaya ta tsaya. Ta biyu ta zo, ya ji, sannan ya gani. Ta uku ma haka.

"Mastura," ya ce a hankali, "idan mutum yana faskare a can ƙetaren rafi, me kike fara samu, saukar gatari ko ƙararsa?"

"Malam, lafiya dai? Gani ake fara yi mana."

"To, wannan akwatin fa, ji na fara yi sannan na gani."

Ya sauko daga benci, ya tafi neman Ergash. Ya same shi a gefen dandamali, yana cin gurasa mai zafi yana sha'awar hamadarsa.

"Ina son huji."

Ergash ya daina tauna. "Sake faɗi, kunnena ne ya fara irin naka."

"Hoton nan makara yake yi. Ido ɗaya kawai, Ergash."

"Wata uku. Gwiwoyina har yanzu ba su miƙe ba. Ka je ka ce a gyara maka akwatin."

Aka kira mai haɗa wayoyi. Ya sosa ƙeya, ya ce haka irin waɗannan suke, sai hoto ya bi ta cikin na'ura kafin ya fito, bai ɗauka wannan ɗan ƙiris ɗin zai dami kowa ba. Wani irin kuwa sai an aiko daga babban birni, mako biyu ko uku.

Ergash ya dubi tamfol, ya dubi Malam. Idonsa ya sauka a kan bakin takardar da ta leƙo daga aljihu. Tare suka tsufa a gidan nan, ya san Malam ba mai yawo da takarda ba ne.

"Mene ne wannan?"

"Ba ruwanka."

"Layi nawa?"

"Huɗu."

Ergash ya ajiye gurasa, ya karkaɗe hannu. "Hau bencinka, tsoho. Ka miƙe sosai, ka daina ranƙwafawa kamar mai neman allura. Dangwala mini inda idonka yake." Malam ya dangwala yatsa daga baya. Ergash ya zagaya gaba, ya ga inda tamfol ya ɗan turo, ya zaro wuƙarsa yana gunaguni, ya yanke daidai faɗin kwabo. Sannan ya ɗauko buroshi ya zagaye wurin da farin fenti da ɗan shuɗi, har ya zama tauraro cikin taurari. "Ba don kai na yi ba," in ji shi. "Dama sararin nan yana neman ƙarin guda."

Malam ya juya talabijin ta fuskanci bango. Ya sa idon dama a huji. Ga Sayyora can nesa, ƙanƙanuwa, fitilar teburinta na haska mata haɓa, tana share hanci da hankici. Bai aika a gaya mata komai ba.

Masu goge suka yi ƙasa da sauti. Ya ga kafaɗarta ta ɗaga, ya ga ta ja numfashi irin wanda shi ya koya mata, ya saukar da tocila kafin sandarta ta gama sauka. Muryoyi talatin suka tashi a bayansa, a hankali, kamar daga bayan tudu. Ya jira ƙwas-ƙwas ɗin nan. Baiti na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Ta cikin huji ya ga ta ɗago kai ta dubi hamadar, kamar mai neman wani a cikin taro, hannunta kuwa bai tsaya ba har ayari ya iso.

Da aka tashi, ita ta zo har ɗakinsa, ɗauke da buta da finjali biyu. Mastura ta riga ta ba ta labari, da ƙari.

"Malam, ku yafe mini. Kwana uku ina tsayar da ku a gaban mutane, ashe akwati ne."

"Mun makara ko ba mu makara ba?"

"Kun makara."

"To, me zan yafe?" Ya zaro takardar ya ajiye a kan tebur tsakaninsu. "Zauna, ɗiyata. Yau akwati ne. Amma kunnen nan na hagu ya fara tafiya, na gwada shi jiya. Wata rana za a makara, kuma ba akwati ba ne."

"Na sani," in ji ta. "Tun da na dawo na ga da dama kuke juyowa idan ana muku magana."

Ya yi 'yar dariya. "Kuma ba ki faɗa ba."

"Ba a makara saboda shi ba tukuna."

"Abin da nake roƙo ke nan. Ranar da aka makara saboda shi, ke za ki gaya mini, baki da baki. Kada ki bari a sa mini yatsa a baya. Kada kuma ki bar wa shugaba, ya kashe ni da zancen inabi."

Sayyora ta juya shayin sau uku tsakanin buta da finjali, kamar yadda ake yi, kafin ta amsa. "Malam, ni da na tsayar da ku sau huɗu jiya, Yaya Mastura na harara ta ta cikin tamfol? Zan faɗa. Ba zan ji daɗi ba, amma zan faɗa."

Ta tura masa takardar da ɗan yatsa ba tare da ta buɗe ba. Ya mayar da ita aljihu, ya ce a bar ta nan, rubutun ya yi kyau, ba sai an sake wani ba.

Sannan ta zuba masa shayi ta miƙa da hannun dama, na hagu a ƙirji. Ya leƙa finjalin. Abin da ke ciki bai wuce kurɓi biyu ba.

"Wannan ai ko maƙogwaro ba zai jiƙa ba," in ji shi.

"Sai ku miƙo a ƙara. Akwai maganar fage na uku, matan nan suna ja mini waƙar biki kamar masu zaman makoki."

Malam Tursunali ya shanye, ya miƙa finjalin, ya jawo littafin waƙar kusa da su.