Ram Ɗin Auta da Littafin Baba Direba

Auta ya doshi shekara talatin, amma har yau kowa Auta yake ce masa, ban da mai kayan kwamfuta na bakin kasuwa, wanda ke kiransa Injiniya. Wannan Injiniyar kuwa tana fasa masa kai fiye da kima. A gaskiya ya iya haɗa kwamfuta, ba za a raba shi da wannan ba. Cutarsa ɗaya ce, da zarar ya ga sabon abu a cikin kwali sai hankalinsa ya yi gaba ya bar shi a tsaye.

Yayarsa tana da shagon buga takardu, ɗan ɗaki mai tebur biyu da injin fotokwafi da benci na masu jira. Kwamfutarta ta tsufa tukuf. In ta kunna ta da safe sai ta share shago, ta goge tebur, ta dawo ta tarar da ita tana nan tana shawara. Da Yaya ta gama tara abin da za ta iya tarawa sai ta kira Auta ta danƙa masa.

"Ka haɗo min wadda za ta yi aiki," ta ce. "Ni ban san kan abin ba, kai ka sani. Kuma faifan nan da nake ajiye aiki a ciki, kwanan nan wani ƙas-ƙas yake yi kamar ɓera a kwali. Ka duba min shi."

"Yaya, ki bar min komai," in ji Auta.

A shagon mai kaya aka shimfiɗa masa hanya biyu a kan kanta. Ga ram na yayin da ya wuce, 'yar siririyar sandar nan da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinta, mai sauƙin kuɗi, wanda in ya ɗauka zai samu rarar sayen sabon faifan ajiya. Ga kuma sabon yayi, mai gudu, har da fitila mai canza launi a bayansa. Shi wannan ba ya hawa sai a kan sabon bod, wato faffaɗan allon da komai ke zama a kansa, kuma su biyun in sun haɗu ba sa barin ko kuɗin ruwan sha.

"Injiniya, kai ma ka sani," in ji mai kaya, yana juya kwalin a hannu don haske ya kama shi. "Irinka ba ya komawa baya."

Auta ya sani sarai, amma ba abin da mai kaya yake nufi ba. Ya san cewa mai buga wasiƙa da katin gayyata ba za ta taɓa jin bambancin ram ɗin nan da wancan ba, ko da za ta shekara tana kasa kunne. Ya san ma'anar ƙas-ƙas a faifai. Ya tsaya, ya sosa ƙeya, ya ce wa kansa faifan yana da sauran rai, in ya so wata mai zuwa a canza shi. Ya ɗauki mai fitila.

Ya haɗa ta tsaf a cikin akwati mai gefen gilashi, ya ɗaure wayoyi, ya mayar da tsohon faifan a wani lungu inda ba zai ɓata hoto ba. Hoton kuwa ya ɗauke shi ta kowace kusurwa ya tura wa abokansa, suka yi ta zuba masa kirari. Kwamfutar ta fi tsohuwar sauri, amma ba kamar yadda ya cika baki ba, don tsohon faifan yana jan ƙafa. Yaya ba ta lura ba. Duk wanda ya shigo sai ta nuna masa fitilar ta ce, "Ƙanena ne ya haɗa min da hannunsa." Auta ya yi niyyar kwafe mata ayyukanta a wani wuri, wallahi ya yi niyya. Kullum gobe.

Cikin masu zama a bencin nan akwai wani dattijo da ake kira Baba Direba, tsohon direban jirgin ƙasa da ya daɗe da yin ritaya. Idonsa ya yi rauni, hannunsa yana rawa, ba ya iya riƙe biro. Don haka yakan zo da hantsi ya zauna kusa da Yaya, ya dogara da sandarsa, yana faɗa tana bugawa. Labarin rayuwarsa yake so ya bar wa jikokinsa. Bai yarda a fitar da ko shafi ɗaya a takarda ba, wai sai an gama, don kullum yana da abin gyarawa. An ɗebi watanni ana haka, har an zo kan shekarunsa na ƙarshe a bakin aiki.

Wata safiya Yaya ta kira Auta a waya, muryarta ba daidai ba.

"Kwamfutar ta ƙi tashi. Kuma ƙarar nan ta daina."

Ya zo ya tarar da fuskar kwamfutar baƙa ƙirin da ɗan layin rubutu a sama. Ta gefen gilashi kuwa ram yana ta ado abinsa, ja ya koma kore, kore ya koma shuɗi. Auta ya tsuguna ya kwance faifan.

"Ba komai, Yaya, ƙaramin abu ne," ya ce, bai ɗago ido ba.

Ya yi kwanaki yana yawo da faifan a aljihu daga wannan mai gyara zuwa wancan. Kowa ya jona shi, ya kara kunne, ya girgiza kai. Na ƙarshe ya buɗe shi ya nuna masa yadda allurar da ke cikinsa ta karce fuskar faifan ta zagaye, kamar an ja ƙusa a kan faranti. Ko a wajen mai kaya bai samu sanyi ba.

"Haba Injiniya, ai da ka ce min faifanku yana ƙara, da ban bar ka ka fita haka ba."

Auta ya ji kamar ya kwaɗa masa mari, sai dai ya san fuskar da ta cancanci marin ba ta mai kaya ba ce. Ya sayar da wayarsa ya sayi sabon faifai, ya je da sassafe ya ɗaura ya saita komai. Kwamfutar ta tashi kafin ya gyara zama. Babu ko harafi ɗaya na kowa a cikinta. Ya gaya wa Yaya aikin bai dawo ba, ya fice da sunan zai sayo wani abu, alhali gudun haɗuwa da Baba Direba yake yi.

Ya zagaya layin ya sake zagayawa, kunya tana cinsa, har ƙafarsa ta dawo da shi ƙofar shagon. Dattijon yana zaune a wurinsa. Yaya ta durƙusa a gabansa, abin da Auta bai taɓa ganin ta yi wa mai kawo aiki ba.

"Baba, laifina ne," take cewa. "Ni ce ban ajiye shi a wuri biyu ba. Yaron nan ya yi iya ƙoƙarinsa, har wayarsa ya sayar. Ka yafe min."

Da zagin Auta ta yi da ya fi masa sauƙi. Zai iya juyawa, ba wanda ya gan shi. Ya ɗaga labulen ya shiga.

"Yaya, tashi. Ba ke ba ce." Ya tsuguna shi ma. "Baba, ni ne. Kuɗin da ta ba ni ya isa a sayi sabon faifai tun farko. Na zuba shi a kan wancan abin mai fitila."

Yaya ta juyo ta dube shi.

"Ba dole ne sai da shi za ta yi aiki ba?"

"Ba dole ba ne."

"Ka san haka a lokacin?"

"Na sani."

"Na gaya maka yana ƙara, Auta."

"Kin gaya min."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ƙara kallonsa ba. Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwarta, ta jawo kujerar da take zama a gaban kwamfutar ta juyo da ita wajensa.

"Zauna. Kai za ka buga."

Baba Direba ya yi ta murza kan sandarsa da babban yatsa. Auta ya zauna yana jiran faɗa, har addu'a yake a zuciyarsa a yi masa faɗan ya huta. Dattijon ya yi gyaran murya.

"To, ɗana, abin da ya tafi ya tafi. Rubuta." Ya rufe ido. "Ranar da na fara hawa kan inji, ina saurayi, takalmina ma na aro ne. Wanda ya karɓe ni a tasha wani dogon mutum ne mai tabon ƙuna a hannu. Shi ya koya min sauraron ƙarfe, shi ya rufa min asiri ranar da na wuce sigina. Sunansa..."

Ya tsaya. Auta ya ɗaga yatsunsa yana jira. Leɓen dattijon yana motsi, babu abin da ya fito.

"'Yata, me na ce miki sunansa?"

Yaya ta dafe goshi. Sunaye nawa suka bi ta yatsunta a watannin nan, na tashoshi da na mutane.

"Baba, wallahi ya shige min."

"Rannan ya zo min," in ji shi a hankali. "Na yi shekaru ina nemansa, rannan kawai ya faɗo min a kan bencin nan. Har na ce miki ki buga maza kafin ya gudu. Da kika buga sai na saki jiki na daina riƙonsa."

Baba Direba ya goge idonsa da bayan hannu, ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashin Auta.

"Bar masa fili, ɗana. Ka bar da ɗan faɗi, sunan dogo ne."