Kebul ɗin Famfon Baba Gajere

Tun da kwana a gona ya zama kasada a Tsibiri saboda 'yan bindiga, Nafisatu ta haɗa wa mahaifinta, Malam Gajere, ɗan allon lantarki mai faɗin tafin hannu, wanda zai riƙa kunna famfon sola da kansa, ya ja ruwan Bakolori daga kanal zuwa shinkafarsu. Manhajar ta kammalu a kwamfutarta, saura a loda ta cikin allon. An ce daga gobe hanyar ba ta biyuwa, sai yadda hali ya yi. In allon bai karɓa yau ba, shinkafar ta bushe.

Ta tsuguna a inuwar sola, ta jona allon da kwamfuta da kebul, ta danna. Fitilar allon ta kama, kwamfuta ta ce ba ta ga kowa ba. Ta sake. Sai a lokacin ta dubi kebul ɗin da kyau: siriri ne, irin na cajin waya, mai kai wuta kawai, ba ya kai saƙo.

"Baba, ina baƙin kebul ɗina mai kauri?"

"Wanga bai isa ba? Sabo na, ɗiyata. Wancan na ba Bawa."

Bawa ƙanensa ne, mutumin da bai taɓa ganin abu mai tsawo ya ƙyale shi ba.

"Ga shi can yana aiki," in ji Bawa, yana nuna tiyon famfo da ya tsage. Ya naɗe tsagar da roba, ya ɗaure da kebul ɗin, ɗaurin buhun gero. "Da can kwance yake cikin jaka kamar mai gidan gwamnati."

Ta kwance shi da farce da haƙori. Ta miƙe shi a cinyarta, ta jona. Layin lodi ya taso, ya kai rabi, ya tsaya. Ta murza wuyan kebul ɗin, ya sake tasowa, ya sake tsayawa. Ɗaurin ya karya shi ta ciki.

Mai babur ɗin da ya kawo su gonar ya dubi rana. "La'asar ta yi, Malam."

"Baba, sau ɗaya kawai."

Malam Gajere ya miƙo hannu. Ya karɓi kebul ɗin, ya maida shi kan tiyon, ya ɗaure. Sannan ya sauke buzunsa da butarsa daga babur.

"Nuna min inda ake kunna shi da hannu," ya ce. "Ku tafi."