Wadannin Waldemar a Cikin Kwalba

Gatura kawai aka ce ya gyara. Ni na faɗa masa da bakina, a kicin, ina soya fanke kamar yadda muka saba in ana ruwa, kuma 'yata Solange tana tsaye tana ji. Na ce wa mijinta, "Gastón, gaturan da suka karye za ka manna, sai tutar nan da ta ɓalle. Shi ke nan." Ya ce, "To, Doña Nibia." Ya ɗauki akwatin ya sa a mota.

Akwatin na mijina ne, Waldemar. A ciki rundunarsa take, wadanni na dalma, kowanne bai kai babban yatsa ba, gemu har cibiya, gatari a hannu. Tun muna sabon aure ya fara tara su, lokacin da sai wani ya ƙetara zuwa Buenos Aires yake sayo masa biyu ko uku a aljihu. Shi ya fente su duka, da fentin gwangwani mai kauri irin na kekuna. Gemun shunayya ya yi musu, don a shekarar nan launin da ya samu ke nan, daga baya kuma ya ƙi canjawa saboda taurin kai. Wanda garkuwarsa ta ɓata, sai ya manna masa maɓallin rigata. Sarkin yaƙinsu kuwa yanke shi ya yi a ƙugu da zarto, ya ɗora shi a kan wani aladen roba na wasan Solange, yarinya ta yi ta kuka har ta gaji.

Ba kyau gare su ba, ni ma na sani. Amma nasa ne.

Yanzu hannun Waldemar rawa yake yi. Ƙoƙon mate ma, shayinmu na ganye, sai na tallafa masa. Shi ya sa aka ba surukinmu gyaran, don wasan ƙarshen shekara na kulob ɗinsu na masu wasan yaƙi da sojojin dalma, a unguwar La Teja, ya matso, kuma ni da shi mun san baɗi ba lallai ya iya tsayuwa a bakin tebur ba. Kulob ɗin yana da doka guda tun kafuwarsa: ba a ɗora soja a tebur sai da fenti, kuma fentin hannun mai shi. Waldemar yana cikin waɗanda suka kafa ta.

Ran Lahadi muka je gidan su Solange cin gasasshen nama. Ko zama ba mu yi ba Gastón ya ce, yana washe baki, har da "Don" ɗin girmamawa da yake sa masa, "Don Waldemar, zo gareji ka ga abin da na tanadar maka."

Wari ne ya fara tarbarmu, irin na ruwan goge jan farce. A kan benci kwalaben zaitun ne a jere, kowacce cike da wani ruwa shunayya kamar an dama ƙasa. A gefe, a kan jarida, ga wadannin a kwance sahu-sahu, fari fat, tsirara, suna ƙyalli kamar cokula. Maɓallan ya tara su a murfin kwalba. Sarkin yaƙi rabinsa ne kawai, daga ƙugu zuwa sama, don aladen ya narke ya zama wani abu kamar cingam.

Gastón ya miƙo guda ɗaya da ya riga ya gama. Gemu ruwan ƙasa, kowane gashi da inuwarsa, har ƙwayar ido akwai.

Ya ce, "Ka ga abin da yake ɓoye a ƙarƙashin fentin nan? Ashe har zobe gare su a gemu. Duk tsohon fentin ya cike wurin. Haka zan yi maka su duka."

Waldemar bai karɓa ba. Ya sa hannuwansa a aljihun wando, yadda yake yi in ba ya son a ga rawarsu.

Ni ce na yi magana. Na ce, "Gastón, me na ce maka a kicin?"

"Doña Nibia, gam ba ya kama fenti mai kauri haka. Da na kankare wuri ɗaya sai na ga gara a yi aikin gaba ɗaya."

"Waya gare ka?"

"Eh."

"Tana aiki?"

"Na so in ba shi mamaki ne."

"Ai ka ba shi. Dubi fuskarsa, ga mamakin nan."

Solange ta shigo da wuƙar nama a hannu, ta ce, "Mama, don Allah. Hutunsa duka ya ƙarar a kan wannan. Taimako ya yi niyya."

Na ce, "Ke ki yi shiru, kina tsaye na faɗa. Ubanki ya fi shekarunki yana lanƙwashe a kan waɗannan abubuwan. Ni na san dare nawa na ci abinci a kan cinya saboda sun cike tebur. Sai yanzu da ba zai iya zaren allura ba wani zai zo ya wanke masa su kamar kwanuka?"

Gastón ya ce, a hankali, "Zan gama kafin ranar wasan, na yi alkawari."

Sai a lokacin Waldemar ya buɗe baki. "Ko ka gama ba za su hau tebur ba. Ba hannuna ba ne."

"Wa zai sani, Don Waldemar?"

"Kowa. Sun yi kyau da yawa." Ya juyo gare ni. "Tsohuwa, kwashe min su."

Na kwashe su a jaridar, har da waɗanda suke cikin kwalba, na tsamo su da cokali mai yatsu. Naman ba mu ci ba. A bas mutane suna ta matsawa daga kusa da mu saboda wari, ni kuwa da wani ya tanka da ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Washegari na tarar da shi a tebur ya buɗe tsofaffin gwangwanayensa. Rabinsu sun bushe. Shunayyar tana da rai, sai da ya zuba mata ɗan tinna, ruwan narkar da fenti. Ya ɗauki buroshi, ya nufi gemu, fentin ya sauka a takalmi. Ya sake, ya sauka a yatsansa. Ya ajiye buroshin ya zauna yana kallon bango.

Na ja kujera. Na ce, "Kawo hannun."

Ya ce, "Doka."

"Dokar ta ce kada matarka ta riƙe maka wuyan hannu?"

Ya yi tunani. "Wuyan hannu kawai. Kika taɓa buroshin, na jefa sojan a shara."

"Wa yake son buroshinka, tsoho mai baƙin rai."

Na danne hannunsa a kan tebur da nawa biyu, muka manna wadan a kan murfin kwalba don kada ya gudu. Rawar ba ta tsaya ba, amma ta ragu. Da safe ta fi lafawa, don haka da safe muke yi, muna zagin Gastón bi da bi. In ya gaji da zagi ni in karɓa. Sarkin yaƙi kuwa muka ɗora shi a kan toshiyar kwalbar giya, Waldemar ya ce ganga ce.

Abin da muka iya gamawa bai cika tafin hannu biyu ba. Da su ya je wasan.

Heber, abokin karawarsa tun suna da gashi, ya ɗaga guda ɗaya ya kai kusa da tabarau. Idon wadan ɗaya a kumatu yake, shunayya ta haura har kwalkwali.

Ya ce, "Waldemar, yaranka sun kwana a mashaya ne?"

"Jefa ɗan lidonka ka daina surutu."

Ba wanda ya tambayi ko hannun wa ne. Heber ya jera dodanninsa cike da rabin tebur, ya share namu kafin ruwan fulas ya huce. Waldemar ya tsaya da ƙafafunsa har ƙarshe, ya auna kowane taku da kansa, tef ɗin awon yana karkarwa.

Sauran suna akwati har yanzu, tsirara, muna bin su ɗaya bayan ɗaya. Solange ta bugo waya tana tambaya ko za mu zo ran Lahadi, wai Gastón ba ya iya barci. Na ce ubanta in ya ga dama ya je, shi mai saurin hucewa ne. Ni ban gama ba tukuna.