Matar da ke Cikin Waƙar Hadi

Tun da damina ta kama, Hadi mawaƙin biki a unguwar Agege ta Legas ya shiga wani hali. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, kwanciya kawai yake yi fuska ga bango. Matarsa Radiyya ta ja shi asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne. Ita kuwa duk wanda ya tambaya sai ta ce taifot, don ta san bakin 'yan unguwa: kana cewa damuwa, gobe za a ce ya zautu. Ita ke lallaɓa shi ya sha koko, ita ke ba masu biki haƙuri a waya. In ta ce, "Don Allah me ke damunka?" sai ya ce, "Ba komai."

Ashe bakin da ya ƙi buɗuwa a ɗaki, a situdiyo buɗuwa zai yi. Ranar da ya fita tana ta hamdala, ba ta san waƙa ya tafi yi ba. Waƙar wani miji ce da duhu ya rufe, yana kira, matarsa na gefe ba ta ji ba ta gani. Kafin ka ce me, waƙar ta cika shagunan caji, har 'yan dakon kasuwar Mile 12 na rerawa da kwando a ka.

A bikin ƙanwar Azumi, maƙwabciyar Radiyya, aka sa waƙar. Da ma in waƙar miji ta tashi, matarsa ake kira fili ta taka, ƙawaye su yi mata liƙi.

"Ina madam ɗin Oga Hadi?" in ji mai kiɗa. "A ba ta fili!"

Ta fito, don ƙin fitowa ma abin magana ne. Ta taka ita kaɗai, amshi na zaginta. Can Azumi ta matso, ta manna mata kuɗi a goshi, ta raɗa mata, "Ke ma ki riƙa tausaya masa mana, abi? Mutum na fama."

Ta isa gida zuciya na tafasa.

"Duk Legas ta san ciwonka, ni ce ƙarshen ji. Kuma ni ce muguwar."

"Ba ke ba ce," ya ce a hankali. "Waƙa ce kawai."

"To fita ka faɗa musu."

"Ba zan iya ba, Radiyya. Waƙar nan kaɗai ta miƙar da ni."

Abin da ya fi ƙona mata rai, gaskiya ya faɗa. Da mutuncinta ya samu sauƙi, ga shi Asabar akwai wani bikin da ta riga ta ɗinka ankonsa.