Kwamfuta Arba'in a Cikin Leda

Shekara ashirin da biyu Baba Mai Makulli ya yi yana kula da ɗakunan sashen kimiyyar kwamfuta, kuma ko ƙwan fitila ɗaya bai taɓa mutuwa a hannunsa ba, don ba ya kunnawa. Abin tinƙahonsa ke nan a duniya. In ka ba shi ajiyar abu, jikanka zai zo ya tarar da shi da ƙamshin kanti.

Ana nan sai wata jami'a ta ƙasar waje ta ƙulla ƙawance da tasu, ta aiko da kwamfuta arba'in, da farantan sola a kan rufi, da na'urar sanyaya ɗaki. Ranar buɗewa an sha jawabi har makogwaro ya bushe. Aka yanke ƙyalle, aka zaɓo ɗalibai goma masu kyan haƙora aka zaunar gaban kwamfutocin a kashe, aka ce su yi murmushi. Mai hoto na sauke kyamara Baba ya tashe su, ya bi kowace kwamfuta ya mayar mata da ledarta, ya garƙame ƙofa da kwaɗo biyu.

Shugaban Sashe bai hana ba. Ai shi ma ya sa hannu a takardar karɓa, kuma ya san halin ɗalibansa, mutanen da suka taɓa karya kujerar ƙarfe da zama kawai. Saboda haka darasi ya ci gaba yadda aka saba. Malami ya zana madannai a allo da alli, ya nuna da sanda ya ce, "Nan za ku danna." Ɗalibai su kwafe a littafi, su ci jarrabawa, wasu ma da yabo. In sun bi ta baranda suka leƙa taga, Baba ya daka musu tsawa, wai numfashinsu na ɓata gilashi.

Bayan shekara guda wasiƙa ta iso. Jami'ar ƙawance za ta turo wakiliya ta ga yadda ɗakin yake. In ta gamsu a ƙaro wasu arba'in, in ba ta gamsu ba a kwashe waɗannan a kai wata makarantar. Baba ko ɗar bai ji ba. Wa zai kwashe kaya daga hannun mutum irinsa? Kwana uku yana goge ledoji da tsumma mai laushi, har ya fara tunanin inda zai rataye takardar yabon da za a ba shi.

Wakiliyar ta zo da safe, doguwar mace mai tabarau da jakar goyo. Shugaban Sashe ne ke fassara. Baba ya buɗe kwaɗo na farko, ya buɗe na biyu, ya yaye ledar kwamfutar gaba a hankali kamar mai buɗe kwanon baƙo. Matar ta danna maɓalli. Kwamfuta ta yi haske, ta yi mata maraba, ta ce a zaɓi harshen da za a fara amfani da shi, alamar ba a taɓa kunna ta ba. Matar ta kunna ta biyu, ita ma haka. Ta uku ma haka.

Ta juyo ta yi tambaya. Shugaba ya share gumi, ya ce, "Baba, wai ɗalibai nawa suka yi aiki da su a bana?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe!" Baba ya buga ƙirji. "Faɗa mata ko ƙuda bai sauka a kansu ba."

Shugaba ya fassara abin da ya ga dama, ya yi ta jan magana a kan tsare-tsare da kwamitoci. Amma matar ta ga bugun ƙirjin, kuma wannan ba ya buƙatar fassara. Ta ciro wayarta ta nuna musu hoton wata makaranta da aka ba irin kayan a rana ɗaya. Subhanallahi! Haruffan madannai sun goge, an ɗaure wata waya da roba, kwamfuta shida sun mutu an jingine su a lungu, ɗalibai uku-uku a kujera ɗaya.

"Allah sarki," in ji Baba, da tausayi na gaske. "Korar mai makullinsu aka yi ko?"

Shugaba ya yi ƙasa da murya. "Su aka ƙara wa arba'in. Namu ma can za a kai."

"Don sun lalata?"

"Don sun lalata, Baba."

Ransa ya ɓaci ɓacin da bai taɓa yi ba. Ya so ya yi bayani, ya ce amana aka ba shi, amma matar ta riga ta rataya jakarta, har da yi masa godiya.

Mako na zagayowa mota ta zo. Aikin bai ɗauki awa guda ba, don Baba ya adana kowane kwali da kumfarsa a sito. Direban sai jinjina yake yi. "Kai, Baba, wallahi ban taɓa ɗaukar kayan gwanjo masu tsabta haka ba." Ɗalibai sun cika baranda suna kallo, yau babu mai korar su.

Saura ɗaya a kan tebur sai wata ɗalibar ajin ƙarshe ta matso bakin ƙofa. Wata mai zuwa za ta karɓi digirinta.

"Baba, don Allah, kafin a sa ta a kwali, bari in danna ko sau ɗaya ne."

Ya dube ta, kunya ta kama shi har wuya. Ya yi niyyar cewa ta shigo, Allah ya sani ya yi niyya. Amma bakin da ya saba shekara ashirin da biyu ya riga shi.

"Je ki wanke hannu tukuna, 'yata."

Ba ta yi musu ba, ta ruga da gudu. Famfon yana can bayan ɗakin karatu, kuma akwai layi. Ko da ta dawo tana yarfe ruwa daga yatsunta, motar ta kai bakin get.