Kiyashi a Kalabiyen Rahamatu

Muktari ya san abin da ya sami ordinatar nan, wato kwamfuta, tun ranar farko, amma bakinsa ya yi nauyi.

Shi ke riƙe da makullin biro, wato ofishin ƙungiyar makiyaya a Tawa. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, baƙinsa biyu daga arewa suka gama cinikin raƙuma, rana ta ƙwalle, ya ce su zo biro su sha inuwa. Ya hura gawayi a bakin ƙofa, ya ɗora shayi, ya jera kofuna a teburin Rahamatu sakatariya don shi ya fi faɗi. A shayi na uku, wanda ake cika wa suga, ya ɗaga buta sama yana tsiyaya don kumfa ta tashi. Ana hira, hannu ya goce. Rabin kofi ya malale cikin kalabiye, allon maɓallan rubutu. Ya goge da bakin rawaninsa, ya ga sama ya yi tsaf, ya kulle ƙofa.

Ranar Litinin Rahamatu ta fara buga sunayen masu shanun Kalfu da Bambeye, takardar da za a kai wa likitocin dabbobi ranar Juma'a don rigakafi. Tana cikin rubutu sai shafin ya ɓace ɗungum. Ta buɗe, ta sake farawa, ya sake ɓacewa. Wani lokaci ta yi awa guda lafiya, wani lokaci ko layi biyu ba ta kaiwa.

Ranar Laraba Alhaji Isufu, shugaban ƙungiya, ya tsaya a kanta.

"Madam, injin da ya shekara huɗu ko ciwon kai bai yi ba? Hannunki ne. In Juma'a ta yi babu takarda, akwai ɗiyar ƙanwata da ta gama karatun lekkol tana zaune gida."

Muktari yana kan benci yana jan carbi. Rahamatu ɗiyar amininsa ce marigayi, shi ya kawo ta wannan aiki, da aikin take ciyar da 'ya'ya biyu. Ya buɗe baki, ya tuna cewa da kansa ya taɓa yi wa wani faɗa don ya ci tuwo a biro, ya rufe. Ya ce a ransa ai inji ne, ƙila ya warke da kansa.

Ranar Alhamis da hantsi Abdulrazak mai gyara ya sauka daga kabu-kabu. Shi ya saka wa injin manhajar Linux tun asali. Ya buɗe wata baƙar taga mai fararen rubutu a fuskar injin, ya daɗe yana karantawa yana shafa gemu.

"Alhaji, wanga inji ba ya ɓoye laifi. In abu ya faɗi, yana rubuta dalili. Nan babu komi. Ba faɗuwa yake ba, fita yake, kamar an ce mai ya tashi. Madam, buga a hankali in gani."

Ta buga. Tana taɓa harafin q, shafi ya ɓace.

Abdulrazak ya buɗe wata taga mai nuna duk maɓallin da aka danna. Ba wanda ya taɓa komi, amma ga maɓallin kusurwar hagu yana nuna a danne yake.

"Wanga in ya haɗu da q, umarnin fita ne. To shi ga shi yana mannewa da kanshi."

Ya sa bakin wuƙa ya ɓalle maɓallin. Kiyashi suka watse a kan tebur. Ƙarƙashi wani jan danƙo ne. Ya shafa, ya shinshina, ya yi dariya.

"Shayi ne. Na uku ma. Mai dafuwar ba ya rowar suga."

Alhaji Isufu ya juya. "To, kin gani! Ki sha shayi kan kayan aiki, ki bar mu muna zagin inji?"

"Alhaji, ni da likita ya hana ma suga?"

"Teburin wa ne?"

Ta fara tattara jakarta.

Muktari ya miƙe. "Alhaji, ƙyale yarinyar nan. Ni ne. Lahadi na shigo da baƙi, ni na zubar, ni na goge, ni na yi shiru."

"Kai? Kwana huɗu kana zaune nan kana jan carbi?"

"Ina zaune."

Alhaji ya miƙa hannu. Muktari ya kwance makullin daga igiyar wandonsa ya ba shi. Abdulrazak ya ciro wani tsohon kalabiye daga jakarsa ya jona, ya danna q sau biyar, shafi bai motsa ba.

Da Alhaji da Abdulrazak suka fita, Rahamatu ta ajiye jaka ta ja kujera.

"Baba, tun Litinin na ga tokar gawayi a bakin ƙofa. Ban san ya shiga injin ba, amma da Abdulrazak ya ce shayi, na san na wane ne."

"Mi ya hana ki faɗi?"

"Da bakina zan tona abokin babana?"

Muktari ya rasa inda zai sa idonsa. Ta turo masa tarin takardun hannu.

"Ka san mutanen Kalfu da ka. Zauna ka riƙa kira mini, gobe Juma'a."

Ya zauna a ƙasa kusa da teburin, ya kira suna na farko.